Ɗaurin bel ɗin taimin: yatsan bakanike, sifirin, tenshina mai ɗaure kansa, ko na'urar awo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji a Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya ana canja masa bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke daidaita juyin sassan injin, ya san wannan lokacin. An zura sabon bel, makin sama da na ƙasa, wato alamomin saiti da ke jikin fulaye, sun hau daidai. Sai oga ya sa babban yatsa ya danna bel, ya ɗan yi jim, ya ce wa yaronsa, "Ƙara masa kaɗan." Yaro ya zura dogon sukundireba ya banƙare fuli, a ɗaure noti, a rufe murfi. A cikin wannan "kaɗan" ɗin ake yanke ko aikin zai kai ka shekara biyar, ko wata biyar.

Ni ma an ƙara mini kaɗan. Honda Accord ce ta 1999, wadda ake ce wa Baby Boy. Ina fita daga garejin na fara jin wani siririn kuka daga gefen injin, kamar ƙarar injin niƙa daga nesa, in na ba ta wuta ya ƙaru, in na saki ya lafa. Na koma, aka ce mini, "Malam, sabo ne, zai saki." Bai saki ba. Bayan wata huɗu, a hanyar Kano dab da Tashar Yari, allurar zafi ta fara hawa, na tsaya na tarar ruwa na ɗiga ta ƙasan murfin taimin. Da aka buɗe, boris ɗin famfon ruwa ya yi kwararo har fulinsa na lilo a hannu. Allah ya taƙaita, bel bai tsallake ba. Tun daga ranar na dage sai na fahimci abin, kuma abin da na fahimta shi nake so in shimfiɗa wa wanda ke tsakiya, wani bakanike na ce masa hannu ya isa, wani na cewa sai ya sayi sabon tenshina, wato abin da ke danna bel ya riƙe ɗaurinsa, wani kuma na cewa sai an sa na'ura.

Tushen kuskuren, a ganina, shi ne ɗaukar bel ɗin taimin kamar fambel. Fambel da goga yake jan fuli, in ya yi sako-sako sai ya riƙa zamewa yana ƙara, shi ya sa hannun bakanike ya saba da ɗaure shi tam. Bel ɗin taimin kuwa haƙora gare shi, da su yake ja. Aikinsa ya haɗa kiranshaf da kamshaf, kiranshaf ya juya sau biyu kamshaf sau ɗaya, bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ba ya wurin. Ɗaurin da yake buƙata shi ne wanda zai zaunar da haƙoran cikin gurbinsu kada su yi tsalle. Abin da ya haura haka nauyi ne kawai a kan boris ɗin famfon ruwa, da na tenshina, da na fulin rakiya, da zaren gilashin da ke cikin bel ɗin kansa. In kuma ya gaza, bel zai riƙa kaɗawa yana dukan murfi, wata rana ya tsallake haƙori ko ya share su.

Kafin komai, tabbatar motarka bel gare ta. Camry Big Daddy mai injin 2.4, da Corolla mai injin 1.8 ta 2003 zuwa sama, da Honda Accord End of Discussion mai silinda huɗu, duk sarƙa ce a cikinsu, wannan bayanin ba nasu ba ne.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko, kuma shi ke gaba da sauran, dacewa da injin. Ba kowace hanya ce ta buɗe wa kowace mota ba, irin tenshinan da kamfani ya sa shi ke rage maka zaɓi. Na biyu kuɗi, na kaya da na aiki. Ban sa lamba ba domin farashin kayan mota da dala yake tafiya, a ranar da za ka saya ka taya a shago biyu ko uku a Sabon Gari, in abin mai tsada ne ka kira Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ji. Na uku ƙarko, wato ko ɗaurin zai zauna yadda aka bar shi. Na huɗu sauƙi, ko za ka samu mai yi a nan kusa. Na biyar haɗari, kuma shi ya danganta da abu ɗaya: in bel ya tsallake, fistin zai daki bawul ko ba zai daka ba? A injin Honda, na silinda huɗu da na shida, da Peugeot 406 mai bawul 16, zai daka, sai sauke tof da sayen bawuloli da gasket, in abin ya yi muni har fistin. A Camry 2.2 ta shekarun 1992 zuwa 2001 ba ya daka, mota za ta mutu ne kawai a inda take, ka nemi janwe.

Hanya ta ɗaya: yatsa da murɗawa

Ba ƙirƙirar kanikawanmu ba ce, tana da asali. A tsohon injin Volkswagen mai bawul 8, irin na Golf 2 da yawancin Golf 3 ɗin da ke lodi a tashoshin Kwangila da Ƙofar Doka, littafin gyaran ya ce a kama bel da babban yatsa da manuni a tsakiyar doguwar tazarar da ke tsakanin fulin kamshaf da fulin da ke ƙasansa, a murɗa. In da ƙyar ya kai digiri 90, wato kwatan juyi, ɗauri ya yi. In ya wuce cikin sauƙi ya yi sako-sako, in ya ƙi kaiwa ya yi tsauri. Tenshinan irin wannan injin fuli ne mai rami a gefe, ana karkata shi da hannu a ɗaure noti, babu sifirin babu komai, don haka hannun mutum ne awo.

Kuɗi babu, ban da na aiki. Sauƙi kuwa, ko a bakin titi a Giwa za a yi maka. Matsalar tana wajen ƙarko da haɗari. Yatsan wanda ya shekara ashirin yana kwance noti ba ɗaya yake da na yaron da ya fara koyo bara ba, abin da wannan zai murɗa kwata, wancan rabinsa zai iya. Sannan gwajin an yi shi ne don bel mai wannan faɗin da tazara mai wannan tsawon. Ka kai shi kan injin mai kamshaf biyu, inda bel ya fi faɗi tazarar kuma gajera ce, amsar da zai ba ka ba ta da ma'ana. Ga shi kuma ɗaurin a tsaye yake, in bel ya ɗan saki bayan tafiya, babu abin da zai cike gurbin sai an sake buɗewa.

Hukuncina: a injin da aka yi don ita, a hannun gogaggen bakaniken Golf, hanya ce mai kyau. A sauran injuna ta zama gwajin tabbatarwa kawai bayan an bi ƙa'ida, kada ta zama ita ce ƙa'idar.

Hanya ta biyu: a bar wa sifirin

Nan zan daɗe, domin nan aka fi yin ɓarna, kuma nan tawa motar ta faɗa. A Honda Accord mai silinda huɗu daga 1990 zuwa 2002, da Camry 2.2, fulin tenshina yana da ɗan sifirin a jikinsa. Mutane da yawa sun ɗauka sifirin ɗin ne ke riƙe bel yayin da mota ke tafiya. A'a. Aikinsa na minti ɗaya ne: lokacin da aka sassauta noti, shi ke jan fuli da ƙarfin da kamfani ya auna, sannan a ɗaure noti ya kulle fulin a wurin. Ma'ana kamfani ya riga ya sa maka na'urar awo a cikin injin. Duk wanda ya zura sukundireba ya taimaka wa sifirin ya ɓata awon.

A Honda ga yadda ake yi. Injin a sanyaye, silinda ta ɗaya a kan maki. A sassauta notin ajasta, a juya kiranshaf da hannu ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, domin tsofaffin injunan Honda ta can suke juyawa, har fulin kamshaf ya matsa haƙori 3. Wannan juyin shi ke tattara duk sakin bel ya kawo shi gefen tenshina, sifirin ya shanye. Sai a ɗaure. A tuna injin nan bel biyu gare shi, akwai ƙarami na balansa a gaba, kuma noti ɗaya ke riƙe tenshinan duka biyun. In ƙaramin ya tsinke yakan shiga ƙarƙashin babban ya jefar da shi, don haka tare ake canja su.

A Camry 2.2 kuma ta dama ake juyawa. A sassauta notin fuli rabin juyi, a juya kiranshaf sau biyu a duba maki, sannan a sake juya shi sau ɗaya da bakwai bisa takwas ya tsaya a makin digiri 45 da ke jikin murfin ƙasa, a nan ake ɗaure notin da ƙarfin Nm 42 a ma'aunin ɗaurin noti. Dalilin wannan wurin shi ne a nan sifirin ɗin bawuloli ba sa jan kamshaf ta yadda za su ruɗi awon.

Kuɗin wannan hanya kaɗan ne, sifirin yana cikin mafi arha a duk kayan taimin, kuma ina ba da shawarar a saye shi sabo duk lokacin da aka canja bel, domin wanda ya shekara ashirin yana shan zafi ya saki. Ƙarko mai kyau ne in an bi ƙa'ida. Sauƙi, kowane bakaniken Honda ko Toyota zai iya, sifana kawai ake buƙata da haƙuri. Haɗarinta ɗaya ne da ya kamata ka duba da idonka: fulin ya zama yana zamewa a kan ƙafarsa ba tare da cijewa ba. Ƙurar hunturun Zariya in ta haɗu da baƙin man da ke tsatsa daga sil takan zama kamar kwalta a bayan fulin, sifirin ya ja ya kasa, bel ya fita sako-sako. A nan ne bakanike ke ganin sifirin "ba shi da ƙarfi" ya ɗauko sukundireba. Maganin a cire fulin a wanke bayansa, ko a sa sabo.

Hanya ta uku: tenshina mai ɗaure kansa

Iri biyu ne. Akwai mai allura, wanda za ka gani a Golf 4 mai injin 1.6, da Opel Vectra da Zafira masu bel, da Peugeot 406 na baya-bayan nan masu injin EW. A cikinsa akwai sifirin mai ƙarfi da ke aiki kullum, a jikinsa kuma ɗan harshen ƙarfe da tsaga. Ana juya fulin da makullin alan har harshen ya zo daidai tsagar, a ɗaure, a juya injin sau biyu da hannu, a sake dubawa. In harshen ya kauce a sake. Kowane injin da gefen da ake juya fulinsa, in aka juya ta baya harshen zai iya hawa tsaga amma fulin ya zauna a karkace.

Akwai kuma mai mai a ciki, kamar ƙaramin shokazoba, a injunan silinda shida: Sienna, RX300 da Camry masu injin 3.0, da Honda Accord V6. Sabo yana zuwa da ɗan fil da ya kulle sandarsa. A ɗora shi, a ɗaure, a tabbatar maki, sannan a zare fil, shi ne aiki na ƙarshe. In tsohon za a mayar, sai an matse sandar a bais a hankali ƙwarai, kaɗan-kaɗan ana hutawa, domin man ya samu ya ratsa ƙaramar ƙofar da ke ciki. Wanda ya matse shi da gaggawa ya kashe shi ko da a ido lafiya lau yake. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka dafa sandar a bango ka danna da duk ƙarfinka, in ta motsa ya mutu. In ka ga mai yana tsatsa a bakinsa, shi ma haka. Mataccen tenshina irin wannan yakan yi ƙwanƙwasa da safe in an tayar da mota, har a ɗauka injin ne ya buga.

A ƙarko babu kamar wannan hanyar, domin tana bin bel in ya saki, tana kuma sassautawa in injin ya yi zafi ya buɗe. A kuɗi ita ce mafi tsada, kuma nan ne zuciya ke raya wa mutum ya mayar da tsohon, ko ya sayi na Beljiyam. Na Beljiyam ba ka san kilomita nawa ya ci a Turai ba, kuma ba abu ne da ake gane gajiyarsa da ido ba. Sabo kuma jabu ya yi yawa, kwali mai kyau, sunan kamfani daram, ciki kuwa ba haka ba. Sunayen da aka sani a bel su ne Gates, Dayco, Continental, Mitsuboshi da Bando, a boris da tenshina kuma Koyo, NSK, NTN, INA da SKF, a famfon ruwan Toyota da Honda kuma Aisin. Amma sunan da ke kan kwali bai kai amanar mai shagon ba. Saya wajen wanda in kaya ya ba da matsala za ka iya komawa ka same shi.

Hanya ta huɗu: na'urar awo

Wasu injunan tenshinansu na hannu ne, amma kamfani bai yarda da yatsa ba, lamba ya bayar. Peugeot 406 na farko masu injin XU suna cikinsu: ana maƙala wa bel wata na'ura mai suna SEEM, ta danna shi ta nuna lamba. Akan ɗaure da farko fiye da kima don bel ya zauna, a juya injin, a sassauta, sannan a saita lambar ƙarshe.

Ɗaya nau'in da sauti yake aiki. Ka ga yadda mai gurmi ke ɗaure tsirkiya yana kaɗawa yana saurare, in ta yi tsauri muryarta ta yi sama? Haka ne. A kaɗa bel a tsakiyar tazara, na'ura ta ji rawarsa ta faɗi lamba a ma'aunin Hz. Abin lura, ƙarfin ɗauri yana ninkuwa fiye da sautin: in lambar ta ƙaru da kashi 10 cikin 100, ɗaurin ya ƙaru da kashi 21, in ta ninka biyu ɗaurin ya ninka huɗu. Shi ya sa ɗan bambanci a allo ba ƙaramin abu ba ne. Akwai manhajojin waya da ke yin irin wannan, sai dai makirufon waya yana kwasar komai, janareta, gudumar mai gyaran bodi, Keke Napep da ke wucewa. In za a gwada, a kashe komai, a auna sau uku a ga amsa ta zo ɗaya.

Daidaito, babu wadda ta kai ta. Amma na'ura ba tare da lambar kamfani ta wannan injin ba ado ce kawai. Sayenta don mota ɗaya asara ce, kuma ba kowane gareji ke da ita ba. In kana nema, fara da tsofaffin kanikawan Peugeot, a nan ko a Kaduna, inda aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri a 1975.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin samu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Yatsa da murɗawa | Na aiki kawai | Ya danganta da hannun mai yi | Ko'ina | Ɗauri ya wuce kima |
| Sifirin | Kaɗan | Mai kyau | Ko'ina | Fuli ya cije, ko a banƙare shi |
| Mai ɗaure kansa | Mai yawa | Mafi kyau | Kaya sai an bincika | Jabu ko tsohon da ya gaji |
| Na'urar awo | Kuɗin aiki ya fi | Mai kyau ƙwarai | Da wuya | Rashin lambar kamfani |

Ko wacce ka ɗauka, akwai abubuwan da ba sa canjawa. Injin ya huce sarai kafin a ɗaure, domin ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake, tazarar fuli da fuli ta ƙaru. Gara ka kai mota da yamma ta kwana a yi aikin da safe, da ka iso daga Kaduna da rana a hau ta nan take. Kada ka bari a lanƙwasa sabon bel a nuna maka "ƙarfinsa", zaren ciki karyewa yake ba ka gani. In sil ɗin kamshaf ko na kiranshaf na tsatsar mai, a canja shi yanzu, mai yana cin roba. In bel ɗin ne ke jan famfon ruwa, canja famfon tare, kuɗin buɗewa ɗaya ne. Kuma kada a taɓa makulli sai an juya injin da sifana zagaye biyu cikakku an ga maki ya dawo. Bayan an tayar, ka tsaya ka saurara da bonet a buɗe: siririn kuka mai bin totur alamar tsauri ce, kaɗawa ko ƙwas-ƙwas a jikin murfi alamar saki. Kada ka karɓi "zai saki" kamar yadda na karɓa.

Game da lokacin canji, Honda ta ba Accord irin tawa mil 105,000 ko shekara 7, amma ta ce inda zafi ke wuce digiri 43 a kai a kai a canja a mil 60,000, kusan kilomita 100,000. Da irin zafin Maris da Afrilu, da ƙura, da kuma mitar motocin Beljiyam da ba a cika yarda da ita ba, ni ƙaramar lambar nake bi. Ka sa a rubuta kwanan wata da kilomita da fenti a kan murfin taimin.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Direban Golf 3 mai jigila tsakanin Zariya da Funtuwa, yatsan bakaniken da ya ƙware a Golf ya ishe ka, da sharaɗin sabon fuli, kuma ka koma bayan mako biyu ko uku a buɗe murfin sama a sake murɗawa. Mai Camry 2.2 da aljihu ya yi ƙasa, kana da ɗan sarari tunda injinka ba ya dukan bawul: bel mai kyau, sabon sifirin, a juya fulayen a kunne, in babu gurnani za su iya ƙara zagaye ɗaya. Mai Honda mai silinda huɗu, ba ka da wannan sararin, sayi bel biyun da fulayensu da sifirin da famfon ruwa, ka tsaya a kai ka ga an ƙirga haƙori 3, kuma babu sukundireba. Mai Sienna, RX300 ko Accord V6 da ke ɗaukar iyali zuwa Abuja ko Jos, sabon tenshina mai mai, in kuɗin bai cika ba gara a jinkirta aikin mako biyu mota na ajiye da a mayar da wanda ke tsatsa. Mai 406 kuma, ka fara sa a buɗe murfi a ga irin tenshinan: in mai allura ne, saita harshe a tsaga ya wadatar a nan Zariya, in na hannu ne a injin XU mai bawul 16, nemi mai SEEM ko da zai kai ka Kaduna, tafiyar kilomita 80 ce.